Kafin Ka Huda Wa Akwatin Gem Ramin Ƙwandala

Ƙanena, mu ɗauka ka riga ka gama mai wuyar. Ka samo filawud, kafinta ya yanka maka shi yadda ka zana, ka ɗaura tsohon allon kwamfuta, ka jera maɓallai da sandar juyawa, ka ɓoye Raspberry Pi ko tsohuwar laftof a ciki, gem kuma ya tashi. Yaran layinku sun fara leƙe ta taga. Abin da ya rage a ranka yanzu shi ne ɗan ramin nan da kake gani a bidiyon Turawa, wanda ake zura kuɗi a ji ƙarar faɗawarsu, wasa ya buɗe. Ba hana ka zan yi ba, ina ma cikin masu ganin ya kamata ka saka shi. Sai dai kafin ka ɗora zarto a jikin katako, amsa mini tambaya guda: wane kuɗin za a zura?

Mai bidiyon nan a Amurka yake, inda rubu'in dala ke yawo a aljihun kowa, ko a Japan mai sulallan yen 100. Kai kuwa a Katuzu kake a Gashuwa, ko a Bulabulin a Nguru, inda yaro ɗan shekara goma zai iya rantsuwa bai taɓa sayen alewa da kuɗin ƙarfe ba. Kakanninmu sun san su sarai. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, da sule da sisi da taro da kwabo mai huda ake cinikin gyaɗa da ƙaro da fatu. Naira ta zo a 1973 da nata kwabban. A 1991 aka mayar da kwabo 50 da naira 1 ƙarfe. A Fabrairun 2007, zamanin Charles Soludo a Babban Banki, aka fito da sababbin kwabo 50 da naira 1 da naira 2, kuma har gobe doka ba ta soke su ba, amma miƙa wa mai shayi ka ga irin kallon da zai yi maka. A 2012 Sanusi Lamido Sanusi ya kawo shirin mayar da naira 5 da 10 da 20 ƙarfe, haɗe da sabuwar takardar naira 5,000. Jama'a suka yi ca, Shugaba Jonathan ya dakatar da shirin. Tsadar kaya ta ƙarasa sauran aikin. Maƙwabtanmu na Nijar, da ka tsallaka ta Machina, ba su da wannan matsalar, domin dala goma da dala ashirin na kuɗinsu na ƙarfe suna nan suna aiki a kasuwa. In da a Damagaram za ka ajiye akwatinka, da rabin abin da zan faɗa bai shafe ka ba.

To in babu kuɗin da za a zura, mene ne amfanin ramin?

A 1972 wani injiniya mai suna Allan Alcorn ya haɗa wa kamfanin Atari gem ɗin Pong, aka kai akwatin gwaji wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya. Ba a daɗe ba mai wurin ya kira ya ce na'ura ta tsaya. Da Alcorn ya buɗe, sai ya tarar ba lalacewa ta yi ba, kuɗi ne suka cika mazubin har suka toshe hanya. Masu sana'ar gem suna son ba da wannan labari, amma ni abin da nake dubawa a cikinsa daban ne: babu kowa a gefen akwatin. A can, ramin kuɗi ya maye gurbin ma'aikaci, domin albashin mutum ya fi ƙarfin abin da akwati ɗaya zai kawo. A nan ba mu rasa mai zama ba. Kullum akwai ƙane ko ɗan yaya da za a ce ya kula da shago. Abin da muka rasa shi ne shaida. Duk wanda ya taɓa riƙe gidan gem ko shagon cajin waya ya san yadda dare ke ƙarewa: an ga wuri cike tun bayan la'asar, kuɗin da aka miƙa kuma bai kai na mutum goma ba. Yaron shago ya ce wasu bashi suka ci, wasu abokan Yaya ne ya ji nauyin tambayarsu, wani ya ce a bar shi ya ƙara ɗaya tak. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila kuma a'a. Ba ka da hanyar sani, shi ma ba shi da hanyar wanke kansa, kuma zumunci da yawa ya yi tsami a kan abin da bai kai kuɗin cefanen yini ba.

Wannan shi ne aikin ramin a garuruwanmu. Mai wasa ya ba yaron shago kuɗin takarda, ko ya tura ta waya, a ba shi ƙwandalar wasa, ya zura, na'ura ta ƙirga. Yaron ya huta da jin kunyar manya, tunda ba shi ne ya hana ba, akwati ne bai san ɗan gida ba. Idan ka fahimci haka, duk shawarar da za ka yanke daga baya, daga irin na'urar da za ka saya har inda za ka maƙala kwaɗo, za ta zo maka da sauƙi.

Fara da ƙwandalar kanta. Dabarar da ke fara zuwa ran kowa ita ce a tattaro tsofaffin naira 1 da naira 2 na 2007 a riƙa sayar da su a matsayin tikiti. Kada ka yi. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta ɓata kuɗin ƙasa da kuma cinikinsu kamar haja, takarda ko ƙarfe, kuma hukuncin ya fara daga wata shida a gidan yari ko tarar naira 50,000. Ko ba don doka ba, akwai irinsu a gwangwanin kaka da ƙasan adaka a gidaje da yawa, kuma yara za su tono su cikin mako guda. Dabara ta biyu ita ce wosha ta masu kayan gyaran babur. Ita ma ka manta da ita, domin duk abin da za a iya saya da arha a bakin kasuwa ba zai tsare maka ƙofa ba. Abin da ya dace shi ne ƙwandalar da aka buga musamman don gem, irin wadda masu teburin sinuka ke amfani da ita. Mai faɗin milimita 25 ta fi yawa. Ka tabbata kuɗin da ka saye ta bai kai kuɗin da za ka sayar da ita ba, saboda wasu za su tafi gida a aljihu ba za su dawo ba. Ka kuma leƙa shagunan da ke kusa da kai. Idan mai sinukar bayan layi yana da irin taka sak, yana sayarwa ƙasa da farashinka, to shi zai karɓi kuɗi kai ka ba da wuta. Ko ku daidaita farashi, ko ka nemi wadda ta bambanta da tasa a girma ko a irin ƙarfe. Buga mata tambari da guduma ba ya wadatarwa, na'ura ba ta karatu.

Na'urorin karɓar ƙwandala iri uku ne a takaice. Akwai ta gargajiya wadda ba ta buƙatar wuta: ƙwandala ta gangara ta kan wani ɗan ma'auni da ke gwada faɗinta da nauyinta, ta wuce gaban maganaɗisu, in ta tsallake ta taɓa siririyar wayar wani ɗan makunni. Tunanin tsoho ne ƙwarai. Tun a ƙarni na farko wani masani a Iskandariya ta Masar, Heron, ya bayyana tulun da ake jefa wa kuɗi su danne wata sanda ta ɗaga marfi, ruwa ya zubo. Irin wannan tana da juriya, amma an ƙera kowace don kuɗi iri ɗaya, kuma ƙofarta ta ƙarfe ta yi wa ƙaramin akwati girma. Akwai ta biyu mai kwatantawa: ka maƙala ƙwandala guda a wani matsi a jikinta, duk wadda aka zura sai ta gwada ta da waccan. Sauƙi gare ta, kuma ga mai ƙwandala iri ɗaya ta isa. Ta uku ita ce wadda ake koya wa, irin su CH-923 da CH-926 da ake ƙerawa a Sin; ta farkon tana riƙe kuɗi iri uku, ta biyun iri shida. Tana auna faɗi da kauri da irin ƙarfen ta hanyar idanu masu haske da naɗin waya da ke cikinta.

Ni ta ukun nake zaɓa maka, don dalili ɗaya: ranar da ka gano an samu hanyar yi maka wayo, za ka canza ƙwandala ka sake koya mata cikin 'yan mintuna, ba sai ka sayi wata ba. Wajen koyarwar ne mutane ke ganganci. Za ta nemi ka zura samfuri sau 15 zuwa 20. Mai gaggawa sai ya ɗauki ƙwandala guda sabuwa fil ya yi ta maimaita ta, na'ura ta haddace wannan ɗayar, gobe ta riƙa tofar da 'yan uwanta. Ɗebo daban-daban, har da waɗanda suka ɗan goge. Akwai kuma lambar tsanani da ake saitawa. In ka matse da yawa za ta ƙi ƙwandalarka ta gaskiya, yara su yi ta dukan akwati. In ka sassauta da yawa za ta haɗiye wosha. Zauna da tarkacen ƙarfe iri-iri, wosha da tsofaffin kwabbai da murfin lemo da aka daddaɓe, ka gwada su duka da hannunka kafin yaran unguwa su gwada maka.

Kada ka yanka katako sai na'urar ta iso hannunka. Fuskarta ƙarama ce, wajen santimita 6 a faɗi da 12 a tsaye, shi ya sa take ruɗin mutane. Jikinta yana shiga ciki fiye da tsawon fuskar, kuma a ƙarƙashinta dole a bar hanyar da ƙwandala za ta faɗa da mazubin da za ta taru. A ƙaramin akwati na kan tebur, gaban duk allo da maɓallai sun cinye shi, don haka gefe ya fi, ko ka ƙera wani ɗan akwati daban a ƙasa ya zama gindin na saman. Wannan na biyun ya fi kwanta mini, domin yana raba wurin kuɗi da wurin wuta. Ƙwandala ƙarfe ce. Guda ɗaya ta kauce ta faɗa kan allon Raspberry Pi yana kunne, ka yi asarar abin da ya fi na'urar karɓar tsada. Yi mata maƙogwaro da falle ko bututun roba, daga bakin na'ura har cikin mazubi, ba tare da wata kafa ba.

Sannan ta tsaya cak a miƙe. Nauyin ƙwandala ne kaɗai ke tura ta, saurin gangarowarta kuma yana cikin abin da na'ura ke lura da shi. Shagunanmu da yawa daɓensu ba daidai yake ba, wasu ma rumfa ce a kan rairayi. Akwatin da ya yi aiki lafiya a ɗakinka zai iya fara ƙin kuɗi a shago don kawai ya karkata. Ɗaura dutse a zare ka saki a gefensa, ko ka ari ma'aunin ruwa na magina, ka yi wa ƙafafun waigi har ya daidaita.

Ƙofa biyu za ka yi, da kwaɗo biyu. Ɗaya ta gyara, wadda yaron shago zai iya buɗewa in ƙwandala ta maƙale. Ɗaya ta mazubi, makullinta a wurinka. Kuma ka ƙara ɗan abin da yawancin masu bidiyo ba sa damuwa da shi, domin su a falonsu suke ajiye akwatin: mitar ƙirge. 'Yar ƙaramar na'ura ce mai lambobi da ke juyawa, tana ƙara ɗaya duk lokacin da aka karɓi ƙwandala, kuma ba a iya mayar da ita baya. A bayan na'urar karɓa akwai wayar da aka ware mata. A ganina in kuɗinka bai kai ka sayi fitilun ado da mitar nan tare ba, bar fitilun.

Wajen haɗa wayoyi ne ake ƙona kaya. Na'urar bolt 12 take ci. Ƙafafun Raspberry Pi kuwa bolt 3.3 suke ɗauka, abin da ya haura haka kashe su yake yi. Wayoyi huɗu ne ke fitowa: ta wuta, ta ƙasa, ta saƙon cewa an karɓi kuɗi, da ta mitar ƙirge. Karanta rubutun da ke jikin na'urar, kada ka dogara da launin waya, kuma ka sa mita ka auna abin da wayar saƙo ke fitarwa kafin ka jona ta da komai. Hanya mafi aminci ita ce kada wutar ɓangarorin biyu ta haɗu sam. Sa ƙaramin rile a tsakani, ko ɗan PC817 mai ƙafa huɗu, wanda ke miƙa saƙo ta haske daga gefe zuwa gefe. Duk mai gyaran caja ko rediyo ya san shi, ana ma ciro shi daga matattun cajoji. Da razista guda a gefen shigarsa, sai gefen fitarsa ya zama tamkar yatsan da ke danna maɓallin kuɗi a allon da maɓallanka ke haɗuwa. In gefen fitar bai yi aiki ba, juya ƙafafun biyu, domin hanya ɗaya yake bari wuta ta bi.

A jikin na'urar akwai ɗan makunni mai zaɓin tsawon saƙo: gajere, matsakaici, dogo. Yawancin tsofaffin gem sau 60 suke duba maɓallai a daƙiƙa guda, don haka saƙon da ya cika gajarta yakan wuce ba a gan shi ba. Ƙwandala ta shige, wasa bai buɗe ba, rigima ta tashi. Sa shi a matsakaici ko dogo. Ka kuma gwada kashe wuta da kunnawa sau da yawa kana kallon allo, domin wasu na'urorin sukan saki saƙon ƙarya a lokacin. In taka tana yi, ɓoye soket ɗin inda hannu ba ya kaiwa, in ba haka ba yara za su gano cewa zare fulogi wasan kyauta ne.

Batun wuta a arewacin Yobe ba sai na yi maka dogon bayani ba. Da yawanku da sola da batir za ku yi aiki, kuma akwai tarko a nan. Batirin da ake kira mai bolt 12 yakan haura 14 da rana lokacin da yake caji, ya sauko ƙasa da 12 da dare. Na'urar karɓa tana son wuta tsayayya. In ta yi ta hawa da sauka, ma'auninta ya rikice, abin da ta karɓa da azahar ta ƙi shi da isha. Ɗan allon daidaita wuta a tsakaninsu yana magance wannan, a sa fis kuma kusa da batir. In da wutar gari ko janareta za ka yi amfani, fuskar ƙarfen da yara ke taɓawa ta samu wayar ƙasa, kuma duk inda bolt 230 ke bi a rufe shi ruf. Tsohuwar talabijin mai ƙeya kuwa, bar ta inda ka gan ta. Cikinta na riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta.

Sai ƙura da zafi. Idanun da ke cikin na'urar ƙanana ne, hazon hunturu na wata guda ya isa ya makantar da su. Buɗe gefenta duk mako ka share da busasshen burushi mai laushi. Kada ka ɗiga mata mai ko kaɗan, mai da ƙura in sun haɗu laka suke zama. Wanke ƙwandaloli da sabulu lokaci-lokaci ka shanya su, hannun da ya ci awara da yaji shi ne ke riƙe su. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Gashuwa ke wuce digiri 40, rufaffen akwatin katako a ƙarƙashin kwano ya fi waje zafi nesa, Raspberry Pi kuma da ya kai wajen digiri 80 yake rage gudu da kansa. Huda wa akwatin tagogin iska ta baya, ka rufe su da raga, ka sa ƙaramar fanka mai fitar da iska.

Ta ɓangaren manhaja aikin kaɗan ne. MAME, wadda wani ɗan Italiya Nicola Salmoria ya fara fitarwa a 1997 don adana tsofaffin gem na akwati, tana ɗaukar lamba 5 a kibod a matsayin an zura kuɗi, lamba 1 kuma a matsayin fara wasa. Jona saƙon na'urarka da lamba 5 ɗin, sa'annan ka cire duk wani maɓalli na waje da ke yin aikin, har da haɗin maɓallan da ke fita daga gem ko buɗe saituna. A cikin saitunan kowane gem za ka ga inda ake zaɓar ƙwandala nawa ke buɗe wasa, rai nawa ake bayarwa, da tsananin wuyarsa. Kada kwaɗayi ya sa ka ƙure wuya. Yaron da aka kashe cikin daƙiƙa talatin ba zai je ya kirawo abokansa ba.

Amma mu faɗi gaskiya, Pac-Man na 1980 da Street Fighter II na 1991 ba su ne ke cika gidajen gem a Nguru ba. Ƙwallo ce. Gem ɗin ƙwallo na PlayStation kuwa bai san wani abu wai shi kuɗi ba, don gida aka yi shi. A nan sai ka koyi darasi daga Filifin, inda ake da abin da suke kira Pisonet: kwamfuta a cikin akwati, ka zura peso ɗaya ta ba ka 'yan mintuna, lokaci ya cika ta rufe. Sirrin wani ɗan allo ne mai ƙirga lokaci, wanda ke karɓar saƙo daga irin na'urar da muke magana a kai. Abu biyu za ka kiyaye. Allon ya yanke hoto ko hannun gem, kada ya yanke wutar injin, domin kashe shi da tsiya kullum yana lalata ma'ajiyarsa. Kuma mu a nan da wasa ake biya, ba da minti ba. Allon da zai ɗauke hoto ana minti na 85, ana kunnen doki, ya jawo maka faɗan da ba ka shirya ba. Ƙayyade tsawon wasa a cikin gem ɗin, ka auna shi da agogo har da zaɓen ƙungiya da canjin 'yan wasa, ka ƙara minti ɗaya ko biyu a kai.

Lissafin dare ba shi da wuya. A ce ka fara da ƙwandala 200, kowace naira 100. Misali ne kawai, kai ka san abin da unguwarku za ta iya. Da safe ka rubuta lambar da ke kan mita, da dare ka sake rubutawa. Bambancin dole ya yi daidai da abin da ke cikin mazubi. Abin da ya ragu daga hannun yaron shago kuma, a ninka shi da 100, shi ne kuɗin da zai miƙa. In ana son a yi wa wani kyauta, kai mai akwati ka ciro kuɗi daga aljihunka ka saya masa a gaban kowa. Yi wani lissafin tun kafin ka sayi komai: in wasa ɗaya minti 4 ne, awa guda ba za ta wuce wasa 15 ba, ko da layi ya kai bakin titi. Awannin ciniki na gaske daga la'asar ne zuwa bayan isha, ban da lokutan salla, sai ranakun hutu da bukukuwan Salla. Ɗauki rabin abin da ka samu a takarda, ka cire wuta da haya da haƙƙin mai zama da canjin maɓallan da za su mutu. Abin da ya rage shi zai gaya maka ko akwati ɗaya sana'a ce ko kuwa ƙari ne a gefen shagon caji.

Akwai wani akwatin da ya yi kama da naka ƙwarai, mai hotunan 'ya'yan itatuwa da fitilu masu zagayawa, wanda ake zura ƙwandala da fatan ya zubo da goma. Na'urar karɓar da ke jikinsa irin taka ce. Abin da ya ƙaru kawai shi ne mazubi mai mayar da kuɗi waje. Wata rana wani zai zo ya ce maka wannan ya fi kawo ciniki, kuma ba ƙarya ya yi ba. Caca ce, hukuncinta a Suratul Ma'ida ba ɓoyayye ba ne, kuma kuɗin da za ta kawo maka na cefanen iyayen yaran ne. Ko a Amurka an daɗe ana kallon akwatunan kuɗi da wannan ido: birnin New York ya haramta na'urar pinball a 1942, zamanin magajin gari La Guardia, ba a ɗage haramcin ba sai 1976. Mai unguwarku da limaminku ba lallai su bambance akwatinka da wancan daga nesa ba, don haka je ka same su tun kafin su aiko, ka buɗe musu cikinsa su ga cewa babu abin da ke fitowa. Al'adar nan ta "wanda aka ci shi zai biya", wadda malamai da dama ke sakawa cikin caca, ramin ma yana taimaka maka a kanta: saita shi kowane ɗan wasa ya zura tasa kafin a fara. Ɗan makaranta da kayan makaranta a jikinsa da hantsi kuma, kada a sayar masa, ko nawa ya riƙo.

Saura haƙƙin masu gem ɗin. Yawancin tsofaffin wasannin nan har yanzu mallakar kamfanoninsu ne, irin su Capcom da Bandai Namco, kuma karɓar kuɗi a kansu ba ɗaya ba ne da buga su a ɗaka. Wannan na cikin dalilan da nake son waɗanda ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da ma waɗanda suka koya da kansu a waya, 'yan mata da samari, su gwada rubuta nasu. Dara ta isa mafari: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, a jera uku a ci ɗaya, kuma babu dattijon da zai tambaye ka mene ne wannan. Da Python da Pygame za a iya yin ta a kan Raspberry Pi ɗin da ke cikin akwatinka. A wurin mai rubuta manhaja, ƙwandala danna maɓalli ce kawai: in saƙo ya zo, ƙara ɗaya a lissafi, in an fara wasa, rage ɗaya. Tunda kai ke da rubutun, sa shi ya riƙa adana wannan lissafi da matsayin 'ya'yan dara a katin ajiya bayan kowane motsi, yadda in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, da ta dawo kowa zai tarar da 'ya'yansa a inda ya bar su, da ƙwandalar da ya riga ya biya.